An Ɗaura Aure, Ba A Rubuta Ba

Akwai wata wahala da ta fara yawa a Birnin Kebbi da Argungu, wadda ya kamata manya su duba. Samarinmu masu ilmi, likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a, suna samun aiki a Ingila da waɗansu ƙasashe. In mutum ya zauna da gindinsa, sai ya aiko a taho masa da iyalinsa. Matar ta yanki fasfo, ta cika takardun neman biza, sa'an nan a ce ta kawo takardar shaidar aure. To, a nan gizo ke saƙar. An ɗaura auren a ƙofar gida a Gesse shekara takwas ko goma da suka wuce, liman ya yi addu'a, an raba goro, maroƙi ya sanar, ga 'ya'ya har uku, amma ba wanda ya ɗora alƙalami bisa takarda. Waɗansu kuwa an rubuta musu, sai gara ta cinye, ko ruwa ya tafi da ita, kamar yadda ambaliyar 2020 ta yi wa gidaje da yawa a bakin fadama.

Auren nan lalle aure ne. Akwai waliyyi, akwai sadaki, akwai shaidu, an kuwa yi siga. Dokar Nijeriya ta san da shi, ƙa'idar Ingila kuma ita ce auren da ya inganta a ƙasar da aka ɗaura shi, ya inganta a wurinsu. Amma akawun da ke duba takardun biza bai san limamin unguwa ba, bai ci goron ba, bai ji maroƙi ba. Abin da ke gabansa takarda ce kawai. Saboda haka in ya tambaya, ba ƙeta ya yi ba, aikinsa ke nan.

Abin da ya dame mu shi ne hanyoyi biyu da mutane su ke bi in sun ƙosa, dukkansu kuwa rami ne.

Ta farko ita ce ta 'yan baranda, waɗanda ke tare mutum su ce ya kawo kuɗi, gobe ya zo ya karɓi takarda da hatimi, an sa mata kwanan watan shekara goma baya. Takardar ta kan yi kyau ga ido. Amma ofisoshin jakadanci su kan bincika, su tambayi inda aka ce an rubuta ta, su gwada hatimi da hatimi. Ran da asiri ya tonu, ba kuɗin biza kaɗai aka yi hasara ba. A Ingila ƙarya cikin takardun biza tana iya sa a hana mutum shiga ƙasar har shekara 10. A Amurka kuwa dokarsu ta ce hanin na har abada ne, sai fa in an yi wa mutum afuwa ta musamman, ita kuwa ba ta samuwa da sauƙi. Abin tausayi, sunan da a ke shafa wa baƙin fenti na matar ne, gama ita ce mai neman bizar, ita ta sa hannu. Sau da yawa ba ta ma san inda aka samo takardar ba, wani ƙanen miji ne ya kawo mata a ambulan. Ga aure na gaskiya, an jingina shi ga shaidar zur, an mai da shi abin tuhuma. Ɗan baranda kuwa ya sa kuɗinsa aljihu ya yi gaba.

Ta biyu ta fi kama da gaskiya, shi ya sa ta fi ruɗin masu ilmi. Sai a ce wa miji ya zo hutu, su tafi ofishin rajista a sake ɗaura aure, a ba su satifiket na Gwamnati. Ya kamata wanda zai yi haka ya san abin da zai shiga. Auren rajista yana ƙarƙashin Dokar Aure ta 1914, aure ne na mace ɗaya tak. Wanda ya yi shi, sa'an nan ya ƙara aure bisa al'ada, dokar ta tanadar masa ɗaurin shekara 5. Haka kuma wanda ya ke da wata matar tun farko ya ɓoye. Ba a kuma warware shi da baki ko da 'yar wasiƙa, sai Babbar Kotu. Ban da wannan, sabuwar takardar za ta nuna an yi aure bana, alhali ga yara masu shekara bakwai da biyar. Mutum ya je neman shaida ya dawo da wata tambayar da ta fi ta farko nauyi.

Hanyar da mu ke ganin ita ce daidai ba ta da gajarta, amma tana kai mutum gida. A koma wurin limamin da ya ɗaura auren. In ya rasu, a nemi na'ibinsa ko wanda ya gaje shi. A nemo waliyyin amarya da wakilin ango da mutum biyu cikin waɗanda suka halarta, a tafi gaban alƙali su yi rantsuwa bisa abin da suka gani: rana kaza, a wuri kaza, bisa sadaki kaza. Takardar da za a rubuta ta faɗi ranar auren ta gaskiya, ta kuma faɗi ranar da aka rubuta ta ta gaskiya. Kada a ji kunyar cewa an rubuta ta daga baya. A haɗa da gajeriyar wasiƙa mai bayyana dalili, ko ba a rubuta ba tun asali, ko ta ɓace. A bayanta sai a jera abin da ke ƙarfafa ta: katin gayyata in yana nan, hotunan biki, takardun haihuwar yara na Hukumar Ƙidaya masu ɗauke da sunan uwa da uba, da rasiɗin kuɗin cefane da miji ke aikowa. Dokar Amurka ma ta rubuta wannan tsani a fili: in babu takardar asali, a nuna dalilin rashinta a kawo mai bi mata, in ita ma babu, a kawo rantsuwar mutum biyu ko fiye waɗanda suka san al'amarin da kansu. In takardar da Larabci ta ke ko da Hausa, tilas a sa mai fassara sananne ya juya ta zuwa Turanci, ya sa sunansa da hannunsa.

Akwai kuma takardar da a ke mantawa da ita, ita ce kuwa ta fi wuyar samu, watau ta saki. In matar bazawara ce sa'ad da aka aure ta, za a tambaye ta yadda auren farko ya ƙare. Saki a ƙasarmu da baki a ke yi, ko a ɗan yagen takarda da ba wanda ke son ajiye shi. Tsohon miji kuwa wataƙila ya ƙaura, ko yana nan amma zuciya ba ta huce ba. Nan ma alƙali ne magani, shi ke da ikon kiransa, ko ya karɓi shaidar waɗanda suka san an yi sakin an gama idda. In mutuwa ce ta raba, a nemi takardar rasuwa. A kuma duba sunaye da kyau tun ba a miƙa ba. Matar da ta ke Hajara a fasfo, Hajo a takardar liman, Hajaru a ta haihuwar ɗanta, ta zama mata uku a idon akawu.

Abu guda ne ba takardar da za ta gyara shi. Tun dokar 1988 Ingila ba ta ba mace ta biyu izinin shiga da sunan aure in ta farko tana can. Mai mata biyu ya san wannan tun bai kashe kuɗinsa ba.

Duk wannan jinya ce bayan ciwo ya kama. Maƙwabtanmu na Dosso da Gaya, waɗanda mu ke auratayya da su ta Kamba tun kaka da kakanni, suna da ofis wurin magajin gari inda a ke rubuta aure da haihuwa da mutuwa, wanda ya makara kuwa alƙali ya yi masa hukuncin da zai tsaya a madadin takardar. Mu a nan waɗansu masallatai sun fara ba da takarda, amma kowa da irin tasa, da yawa kuma ba su ajiye kwafi. Muna roƙon Gwamnatin Jihar Kebbi, da Masu Martaba Sarkin Gwandu da Sarkin Kabin Argungu, da Alƙalin Alƙalai, su haɗa kai a fito da littafi iri ɗaya, a ba kowane limamin Juma'a, a riƙa rubuta aure a ranar da aka ɗaura shi, saki kuma a ranar da ya auku.

Mun san za a sami masu cewa wannan baƙon abu ne, ko dabarar karɓar haraji ce. Game da haraji, a sa kuɗin ya zama kaɗan ƙwarai, a kuma buga shi a jikin takardar don kada wani ya ƙara nasa. Game da baƙunta kuwa, ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani umurni ta yi a rubuta bashi, sadakin da aka yi wa ajali kuwa bashi ne. Ƙasar da Malam Abdullahin Gwandu ya zauna ya wallafa littattafai ba ta kamata ta ji tsoron tawada ba. Amfanin littafin kuma ba na masu ƙetare teku kaɗai ba ne, gama matar da mijinta ya rasu tana neman haƙƙinsa a ofis, ita ma wannan takardar a ke tambayarta.

In za a fara, a fara da tsofaffin aure, tun waɗanda suka shaida suna da rai. Kowane littafi kuma a yi shi kwafi biyu, ɗaya wurin liman, ɗaya a kotu a Birnin Kebbi ko Argungu, a kuma shigar da shi cikin kwamfuta, inda gara da ruwan fadama ba su kai wa.