A Gina Shafi Daidai Da Wayar Talaka

Ba baƙon abu ba ne a Agege, ko Mile 12, ko Sabon Badun, a ga mutum riƙe da waya yana ja da yatsu biyu, yana laluben inda zai rubuta sunansa cikin takardar neman aiki ko ta makaranta da aka sa a intanet. Rubutu ya ƙanƙance kamar tururuwa, wurin latsawa a aika kuwa ya ɓuya can gefe. Laifin ba na wayar ba ne, na masu gina shafin ne.

Dalili kuwa shi ne, faɗin fuskar kwamfuta yakan kai ɗigo 1366 ko 1920, amma wayar hannu takan ba shafi wajen ɗigo 360 ne kawai. To, wanda ya auna shafinsa da kwamfutar ofis kaɗai, tamkar mai son juye ruwan randa ne cikin moɗa.

Maganin wannan ba sabo ba ne. Tun cikin 2010 wani Ba'amurke, Ethan Marcotte, ya bayyana hanyar gina shafi guda wanda zai riƙa daidaita kansa da kowace fuska: a kwamfuta ya baje, a waya ya jeru daga sama zuwa ƙasa, hotuna su rage girma. Cikin 2015 kuma kamfanin Google ya fara fifita irin waɗannan shafuka ga masu bincike ta waya.

Ɗan Arewa mai neman abinci a Kudu, ko ɗan kasuwa ne ko mai gadi ko direba, galibi wayar nan ita ce ofishinsa. Idan shafi ya gagare shi, dole ya bar sana'arsa ya biya wani ya cika masa, ya kuma damƙa wa baƙo asirinsa. Ta nan ake karkata suna, a ɓata ranar haihuwa, wani lokaci ma wa'adi ya wuce.

Saboda haka lalle ne hukumomi da bankuna da makarantu su daina karɓar shafi daga ɗan kwangila sai an jarraba shi a ƙaramar Tecno ko Itel. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa kuma su riƙa kai kuka a rubuce, domin wanda ya yi shiru ba a san ciwonsa ba. Allah ya sa masu abin su ji.