Kafin a yaba wa makaranta, a tambayi yaran da ta ɗauka

Birnin Niyu Orlins na jihar Luwiziyana a ƙasar Amurka ya yi abin da babu wani babban birni na ƙasar da ya taɓa yi. Bayan guguwar Katirina ta ranar 29 ga watan Agusta na 2005, wadda ruwanta ya cinye mafi yawan birnin, gwamnatin jiha ta karɓe makarantu sama da 100 daga hannun hukumar ilimi ta birnin, aka sallami ma'aikata fiye da dubu 7, sannan sannu a hankali aka danƙa makarantun ga ƙungiyoyi masu zaman kansu bisa kwantaragi. Kafin ƙarshen 2019 kusan kowace makarantar gwamnati a birnin ta koma irin wannan.

Ga yadda tsarin yake: gwamnati ce ke biyan kuɗi gwargwadon yawan ɗalibai, iyaye ba su biyan ko dala, ƙungiyar kuma ita ke ɗaukar malamanta, ita ke tsara aikinta. In wa'adin kwantaragi ya cika ba a ga sakamako ba, sai a ƙwace makarantar a ba wani, ko a rufe ta ɗungum. Ke nan rayuwar makaranta ta rataya ga awo. To amma da wace tiya ake awon?

Da farko jihar ta fi dogara ga makin jarrabawa, tana raba wa makarantu haruffa daga A zuwa F. Sai dai wasu daga cikin waɗanda ke zama a sama kowace shekara, irin su lisen Benjamin Franklin, sai yaro ya ci jarrabawar shiga kafin su karɓe shi. Ita kuwa makarantar unguwar talakawa duk wanda ya zo nata ne, har da wanda ya kai aji biyar bai iya haɗa baƙi ba. A jera waɗannan biyu a takarda ɗaya a ce wannan ta fi wannan, ai ba a yi adalci ba.

Iyayenmu mata masu kiwon turke sun fi kowa gane wannan magana. Wata ta sayi rago ƙosasshe ana saura wata ɗaya layya, ta ɗaure shi. Wata kuma ta sayi ramamme tun da kaka, ta yi ta ɗawainiya da dusa da harawa har ya murmure. Ran kasuwa na farkon zai iya fin na biyun nauyi, amma kowa ya san wadda ta iya kiwo.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Da makarantu suka ga maki ne abincinsu, sai wasu suka fara zaɓen ɗalibai a ɓoye. Wata mai bincike, Huriya Jabbar, ta tattauna da shugabannin makarantu 30 na birnin, kusan kashi ɗaya cikin uku suka amsa cewa suna da dabarun jawo yaran da suke so da kauce wa waɗanda ba su so. A 2010 iyayen yara naƙasassu suka kai ƙara kotu cewa ana mayar da ƴaƴansu daga bakin ƙofa. Dole ta sa a 2012 aka kafa hanyar rajista guda ɗaya ga birnin, inda kwamfuta ke raba gurabe, aka kuma ɗauke ikon korar ɗalibi kwata-kwata daga hannun makaranta ita kaɗai. A 2018 jihar ta gyara ma'auninta, ta ba ci gaban da yaro ya samu cikin shekara kashi 25 cikin 100 na makin makarantun firamare. A ganinmu ma kason ya yi kaɗan.

Ba mu ce tsarin bai yi amfani ba. Binciken Douglas Harris na jami'ar Tulane ya nuna maki ya ɗagu, masu kammala sakandare da masu shiga jami'a sun ƙaru. Amma shi kansa ya nuna kuɗin da ake kashewa kan kowane yaro ya ƙaru da wajen kashi 13 cikin 100, kuma wani babban ɓangare na nasarar ya fito ne daga rufe makarantun da suka gaza. Yaron da aka rufe tasa makarantar kuwa, sai ya shiga mota ya tsallaka gari da sassafe.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen nesa shi ne, nan ma da zarar sakamakon BEPC da na bak ya fito, sai ka ji sanarwa a rediyo a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai: makaranta kaza ta ci kashi 100 bisa 100. Bambancin kawai, can gwamnati ke biya, nan kuwa daga ribar tebur da kuɗin adashi ake fiddo jikkunan. Saboda haka ƴar kasuwar da za ta biya tana da haƙƙin ta zauna da darakta ta tambaye shi: yara nawa suka shiga ajin farko na kwaleji, nawa daga cikinsu suka kai ajin jarrabawa? Nawa aka gabatar da sunan makarantar, nawa aka ce su je su yi rajista da kansu? Ɗalibai 20 da aka tace sun ci duka ba ɗaya suke da 80 da 50 suka ci ba.

Muna kira ga hukumomin ilimi na jihohi, da ke riƙe da waɗannan alƙaluma, da su riƙa buga yawan waɗanda kowace makaranta ta ɗauka tun farko tare da yawan waɗanda suka ci, a manna a ƙofar makaranta, a kuma karanta a rediyo da Hausa da Zabarmanci kafin lokacin rajista, tun da yawancin masu biyan kuɗin ba su karanta faransanci.