A Cire Haraji Daga Takarda, Ba Littafi Kaɗai Ba

'Yan'uwana ɗalibai, bari in fara da tona wa kaina asiri. Ga ni a zangon ƙarshe na difloma, amma littattafan da na saya da kuɗina ba su wuce biyu ba. Sauran duk fotokwafi ne da hotunan shafuka a waya. Satin da ya wuce na je sayen littafin da nake buƙata don furojek ɗina, da mai shago ya faɗi kuɗin, wallahi sai na ajiye masa abinsa na yi sallama. Kuɗin abincina ne na sati biyu.

Da na yi ƙorafi a aji, wani ya ce ai doka ba ta ɗora harajin VAT a kan littattafai ba. Gaskiyarsa. Littafin da aka buga a waje ma ba a karɓar masa kuɗin kwastan. To ina gizo ke saƙar?

A takarda yake. Masana'antun takarda uku da gwamnati ta kafa a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe da durƙushewa. Yawancin takardar da maɗaba'unmu ke aiki da ita daga waje ake shigo da ita, haka tawada da kayan gyaran inji, kuma ana biya musu haraji a tashar ruwa. Ga dala ta yi tashin gwauron zabo tun 2023. Mai maɗaba'a ba zai ɗauki asara ba, mai shago ma haka. Wa ya rage? Ni da kai.

Wasu za su ce gwamnati na buƙatar kuɗin shiga. Ban musa ba. Amma gwamnatin da ke ba ɗalibi rancen NELFUND da hannun dama, bai dace ta tsawwala masa littafi da hagu ba. Ɗalibin injiniya da ya gama da haddar handawut mai shafi ashirin, gobe shi za a ba aikin gada.

Roƙona ga ƙungiyarmu: a haɗa kai da sauran makarantu a rubuta wa Majalisar Tarayya, a nemi yafe harajin takardar buga littattafan karatu. Mu dai mun kusa fita. Ƙannenmu nake ji.