Gyaran Tsofaffin Benaye a Legas: Takarda Kafin Siminti

Duk wanda ya bi ta unguwar Ikoyi a birnin Legas ba zai rasa ganin tsohuwar Sakatariyar Gwamnatin Tarayya ba, wadda aka gina a shekarun 1970, take tsaye babu tagogi, ciyawa da itatuwa sun tsiro a jikinta. Tun daga ranar 12 ga Disamba, 1991, lokacin da fadar gwamnati ta koma Abuja, ma'aikatu suka riƙa kwashe komatsansu ɗaya bayan ɗaya, har ginin ya zama kango. Masu ɗaukar hoto da masu shirya finafinai suna sha'awar irin waɗannan wurare saboda kwarjininsu da tarihin da ke jikinsu. Ɗan kasuwa kuwa abin da yake hange daban ne: fili a tsakiyar unguwa mai tsada, da harsashi da ginshiƙai waɗanda wani ya riga ya biya kuɗinsu tun Naira tana da ƙarfi.

Wannan hange ba wauta ba ne. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, farashin kayan gini ya yi tashin gwauron zabo, har buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wasu garuruwa a farkon 2024. Rodi, da wayar lantarki, da tayil, duk sun bi sahu. A irin wannan hali, bene mai hawa huɗu da ke tsaye a Yaba ko Ebute Metta ko Surulere, ko da ya tsufa, tarin siminti ne da ƙarfe wanda sake zuba irinsa a yau sai attajirin gaske. Ga shi kuma titi da layin wuta da kasuwa duk suna kusa, saɓanin sabon fili a bayan gari inda mai gini zai fara da cike fadama. Shi ya sa dillalai suke yawan kai wa 'yan kasuwa tallar tsofaffin gidajen haya, suna cewa fenti da sabon rufi kaɗai suke buƙata.

To amma tarihin gine-gine biyu na Gwamnatin Tarayya a Legas ya isa ya sa mai kuɗi ya yi taka-tsantsan.

Na farko shi ne rukunin gidaje na 1004 da ke Victoria Island, wanda aka buɗe a 1979 domin 'yan Majalisar Tarayya na Jamhuriya ta Biyu, daga baya manyan ma'aikatan gwamnati suka gaje shi. Da shekaru suka tura, na'urorin hawa bene suka daina aiki, famfuna suka ƙafe, bango ya yi baƙi. Bayan gwamnatin Obasanjo ta fito da tsarin biyan ma'aikata kuɗi maimakon ba su gidaje a 2003, sai aka sa rukunin a kasuwa, aka sayar da shi a kan Naira miliyan dubu 7. An fitar da mazauna cikinsa da ƙarfi a ƙarshen 2005, abin da ya jawo ƙorafi mai yawa, aka kuma gyara shi aka sayar da ɗakunan ga jama'a. Yanzu cike yake da mutane, ko da yake an sha samun saɓani tsakanin mazauna da masu kula da shi a kan kuɗin hidima da na wutar lantarki.

Na biyu shi ne ita Sakatariyar ta Ikoyi. A 2006 aka miƙa ta ga wani kamfani, ita ma a kan kimanin Naira miliyan dubu 7, da nufin a mayar da ofisoshin gidajen kwana na alfarma. Aiki bai yi nisa ba gwamnatin Jihar Legas ta dakatar da shi a kan batun izinin gini. Maganar ta kai gaban masu sasanci, waɗanda a 2015 suka yanke cewa Gwamnatin Tarayya ta biya kamfanin diyyar da ta haura Naira miliyan dubu 50. Kusan shekaru ashirin bayan cinikin, ginin bai zama gidan kwanan kowa ba.

Mai sayarwa ɗaya, farashi kusan ɗaya, unguwanni biyu masu maƙwabtaka, amma sakamako ya sha bamban. Abin da ya raba su ba ingancin kankare ba ne, takarda ce. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta, kuma sayar da gida mai takardar mallaka ba ya cika sai da amincewar gwamna. Haka nan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne, ba na tarayya ba. Ma'ana, ko daga hannun Gwamnatin Tarayya mutum ya sayi gini, ba zai sauya masa fasali ko amfani ba sai jiha ta yarda. In kamfani mai manyan lauyoyi ya maƙale a nan, ina ga ɗan kasuwar da ya sayi bene daga magada goma sha biyu, uku daga cikinsu ba su ma san an yi cinikin ba? Da yawa daga cikin kangayen tsakiyar Legas rikicin gado ne ya mayar da su kango, ba rashin mai so ba.

Jinkiri kuwa kuɗi ne, musamman a zamanin da Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a watan Nuwamban 2024. Wanda ya ranci Naira miliyan 100 a kan kashi 30 cikin ɗari, in hukuma ta rufe masa aiki shekara guda, ya yi asarar miliyan 30 bai sa ko da ƙofa ɗaya ba. Ko da kuɗinsa ne na kansa, da ya juya su a shinkafa ko atamfa da sun haifar masa da wani abu. Akwai kuma 'yan haya da 'yan kama-wuri-zauna. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta tanadi sanarwar wata shida ga mai biya shekara-shekara in babu wata yarjejeniya a rubuce, bayan haka ne ma za a fara zuwa kotu.

Sai an gama da takarda sannan a waiwayi jikin ginin, kuma nan ma ido kaɗai ba ya isa. Legas gari ne na bakin teku, iskar gishiri da damshi suna ratsa kankare su ci rodin da ke ciki. Rodi in ya yi tsatsa sai ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki, fenti kuwa yana rufe wannan duka. Benen da ya rushe a Ita Faaji cikin tsibirin Legas a watan Maris na 2019, wanda ke ɗauke da makarantar yara a samansa, ya halaka mutane kusan ashirin. Kuɗin da injiniya mai rajista zai karɓa ya gwada ƙarfin ginshiƙai da daɓe ƙalilan ne in aka gwada da kuɗin gidan, kuma ya kamata a biya su kafin a ba da kafin alƙalami, ba bayansa ba. Ginin da harsashinsa ya nutse, ko ginshiƙansa suka ruɓe, farashin filinsa kaɗai ya kamata a biya, a kuma cire kuɗin rusau.

Masu cewa gyara ya fi sabon gini sauƙi sukan kafa hujja da Babban Gidan Wasanni na Ƙasa da ke Iganmu, wanda aka gina domin bikin FESTAC na 1977, ya lalace, sannan Kwamitin Bankuna ya karɓe shi a 2020 ya gyara. Gaskiya ne ya farfaɗo. Sai dai bankunan ƙasar nan ne gaba ɗaya suka haɗa hannu, da goyon bayan Babban Banki, kuma duk da haka aikin ya ɗauki shekaru. Ba misali ba ne ga mai jari na tsaka-tsaki.

Abin da ya fi dacewa da irin wannan mai jari shi ne ƙaramin bene mai gidaje huɗu ko shida, mai takardar mallaka guda da sunan mutum guda, a unguwar da ma'aikata ke neman haya kusa da wuraren aikinsu, wanda tun asali gidan kwana ne don kada a shiga neman izinin sauya amfani. Ya kuma sa a lissafinsa cewa bututun ruwa da wayoyin wuta na shekarun 1970 duk sai an sake su, sannan ya tanadi wani kaso na jarin a gefe domin abin da zai bayyana ranar da magina suka fara fasa bango.