Goge lambar matsala ba gyaran mota ba ne

A garejojin Kabuga da Ɗorayi, cikin ƙaramar hukumar Gwale, yanzu an saba ganin matashi ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya cusa wata 'yar na'ura, ya buɗe wayarsa ya ce an duba mota da kwamfuta. Cikin minti biyu fitilar check engine ta mutu, mai mota ya biya ya tafi yana murna. Bayan kwana uku fitilar ta dawo.

Na'urar ba ta da laifi. Tun 1996 Amurka ta wajabta sa tsarin OBD2 a duk ƙaramar motar da za a sayar a ƙasar, Turai ta bi sahu a 2001 kan motoci masu amfani da fetur. Shi ya sa kusan duk Corolla, Camry ko Accord 'yar Kwatano tana da wannan soket mai ramuka 16. Da na'urar ELM327 mai Bluetooth da manhaja irin Torque ko Car Scanner, kowace wayar Android za ta iya karanta abin da kwamfutar motar ta adana.

Inda gizo ke saƙar shi ne fassara. Lambar tana nuna inda motar ke jin ciwo ne kawai, ba ta ce a sayi kaza ba. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai yadda ya kamata. Zai iya zama filogi, ko kwayil, ko nozul. Bakaniken da ya san aikinsa zai musanya kwayil ɗin silinda ta ɗaya da na ta biyu, ya goge lambar, ya zagaya da motar. Idan P0302 ta fito, kwayil ne mai laifi. Ba a kashe ko sisi ba.

Haka P0171, wadda ke cewa iska ta fi mai yawa a injin. Nan take wasu sai su nufi Ƙofar Ruwa sayen sabuwar sensar oksijin, alhali sau da yawa tiyo ne ya tsage, ko ƙurar hunturu ta toshe sensar da ke auna iskar shiga, ko famfon mai ya yi sanyi. Ita kuwa P0420, a Kano abin tambaya na farko shi ne ko indomin da ke cikin salansa yana nan, domin ana ciro shi a sayar. Idan babu shi, ko sensa goma aka canza lambar za ta dawo.

Gaggawar gogewa ma asara ce. Tare da lambar, kwamfutar tana ajiye zafin inji, gudun mota da juyin inji a daidai lokacin da matsalar ta faru. Danna Clear yana share wannan shaida. Sai a ɗauki hoton allo tukuna.

Mai shirin sayen mota shi ya fi kowa buƙatar sanin wannan. Dillali zai iya goge komai da safe, amma manhajar tana da sashen da ke nuna gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta. Idan yawancinsu sun nuna ba su kammala ba, to kwanan nan aka goge lambobi ko aka cire batir, kuma akwai dalilin yi wa dillali tambaya.

Ya kamata mai mota ya mallaki tasa na'urar, ba don ya raina bakanike ba, sai don idan aka ce masa a canza abu ya iya tambayar me aka gwada. Amma idan fitilar tana walƙiya maimakon ta tsaya cak, ba lokacin latsa waya ba ne. Ɗanyen mai ne ke shiga salansa, sai a gangara gefen titi a kashe injin.