Mai Digiri Da Injin Wanki

Duk ɗalibin da ya koma hutu Sabon Birni ko Isa a tsakiyar hunturu ya san yadda ƙura ke rufe komai, tun daga tagogi da daɓen siminti har zuwa darduman zaure. Ya kuma ga samarin da suka kafa ɗan inji a bakin hanya suna feshe babura da motoci da ruwa mai ƙarfi. Mu 'yan boko mukan wuce su da ɗaga hanci, alhali kuwa da yawa daga cikinmu za su gama karatu su shekara suna zaga ofisoshin Sakkwato da takarda a hannu. Ra'ayinmu shi ne, wannan sana'a ta cancanci mai ilmi ya shige ta, ya ɗauke ta daga bakin hanya ya kai ta gidajen jama'a, da ma'aikata da tsari.

Shi injin ba sabon abu ba ne. Tun a 1950 wani Bajamushe, Alfred Kärcher, ya ƙera irinsa mai fesa ruwan zafi, kuma a Amurka da Ingila akwai masu ci da iyalinsu da wanke bango da farfajiyar gidaje kawai. Yadda yake aiki ba wuya: inji ne ke juya famfo, famfon ya matse ruwa ya fitar da shi ta ƙaramar kafa, ƙarfin fitar ya kankare dauɗa. Saboda haka ruwan da yake ci bai kai na mesa da aka sake tana kwarara ba. Wannan kuwa babban al'amari ne a garin da gidaje da yawa ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, ko da yake Gulbin Rima na kusa.

To, amma sayen inji ba shi ne sana'ar ba. Abu na farko da ake bukata shi ne sanin abin da ake wankewa da wanda ba a taɓawa. Daɓen siminti da tayil da tankin ruwa da kafet duk suna ɗauka. Bangon laka kuwa, wanda shi ne ginin akasarin mutanenmu, in aka sa masa wannan ruwa sai yaɓensa ya zube. Haka kuma yana ɗaye tsohon fenti, yana shiga wayoyin lantarki, yana iya tsaga fatar mutum. Mai sana'ar kirki zai gaya wa mai gida gaskiya, ko da hakan zai sa ya rasa cinikin ranar.

Abu na biyu shi ne ma'aikata. A nan ne muke da jayayya da al'adar da muka tarar, inda yaro zai wuni cikin ruwa da sanyi, da yamma a miƙa masa abin da ran ubangidansa ya so. Yaron da bai san ladansa ba, ko ya gudu ko ya soma ɓoye ciniki. Ya kamata a yanka wa kowa lada sananne, a rubuta cikin littafi, a saya masa takalmin roba, a kuma koya masa gyaran injin. Tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin jihar, ƙauyawa da yawa sun kwararo cikin garuruwan nan biyu, kuma akwai matasa majiya ƙarfi a cikinsu da suka bar gonakinsu ba da sonsu ba. Saurayin da ke da aikin yi da lada tabbatacce ya fi wuyar ruɗuwa ga masu neman 'yan leƙen asiri.

Abu na uku shi ne hulɗa da masu ba da aiki. Gidan Bahaushe ba bakin titi ba ne da kowa zai faɗa. Sai an yi sallama, mai gida ya ba da izini, an ba matan gida lokaci sun kimtsa. Wajibi ne a aika yaran da aka san iyayensu, a daidaita farashi kafin a tada inji, a zo a lokacin da aka yi alkawari. In an fasa gilashi a faɗa, a biya. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a ƙaramin gari labarin mai amana da na maha'inci duk ba sa kwana.

Ba za mu ɓoye wahalar da ke ciki ba. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta hana sayar da fetur a jarka don ta toshe wa 'yan bindiga hanya, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da Isa da Sabon Birni. Mai injin da ke shan fetur, wanda kuma ta waya ake kiransa, ya ji a jikinsa. Janye tallafin mai da aka yi ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ninka kuɗin tada inji. Daɗin daɗawa, talakan da ke neman abin sawa a baki ba zai biya a wanke masa daɓe ba. Don haka kasuwar ƙarama ce: gidajen 'yan kasuwa da ma'aikata, masallatai, makarantu, shaguna, sai kuma lokacin Salla da bukukuwa. Mai hankali zai haɗa ta da wankin babura da motoci, ya lissafa kuɗin mai da ruwa da ladan yara kafin ya faɗi farashi.

A wannan lissafi ne karatunmu zai yi rana. Ɗalibai uku ko huɗu na iya haɗa abin da suka tara a bautar ƙasa su sayi inji da tanki. Ku kuma 'yan'uwanmu ƙananan ma'aikata, in kun ga ɗan ajinku riƙe da mesa, kada ku kau da kai. Ku kira shi ya wanke muku, ku biya shi yadda aka yi ciniki. Allah Ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya, Ya sa wa nemanmu albarka.