Ra'ayi: Sunaye biyar a bangon rahoto, gumin mutum ɗaya a ciki

Duk wanda ya ratsa shagunan buga takardu da ke kewaye da jami'o'inmu a ƙarshen shekarar karatu ya ga wannan da idonsa. Ɗalibi ɗaya ne zaune gaban kwamfuta, idanu sun yi jawur, yana gyaran shafin ƙarshe. A bangon rahoton kuwa sunaye biyar ne. Sauran huɗun sun haɗa kuɗin bugu da na ɗinki, ba a sake ganinsu sai ranar kare aiki gaban malamai.

Na taɓa zama a irin wannan zaure. Wani malami ya tambayi ɗaya daga cikin ƴan rukunin inda suka samo faɗin magudanar ruwan da suka rubuta. Yaron ya dubi abokinsa, abokin ya dubi ƙasa. Daga baya aka gane daga wani rahoto na intanet aka kwaso alƙaluman, rahoton da aka yi kan wani gari na wata ƙasa.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Tun 2010 ƙasa ta buɗe jami'o'i a Maradi da Damagaram da Tawa, ban da Jami'ar Abdou Moumouni da makarantar injiniyoyi ta EMIG a Yamai. Kowace shekara ɗaliban gine-gine da lantarki da ruwa da noma na rubuta rahotannin rukuni, yawancinsu kuma a kabad suke ƙarewa, ƙura ta rufe su. A gefe guda, a ƙarshen watan Agustan 2024 ruwan sama ya ci rayuka ya rushe gidaje a Maradi, kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya faɗi. Matsalolin da ke neman awo da lissafi suna nan a ƙofar gidanmu.

A ganina tushen matsalar ɗaya ne: rahoton ba shi da mai karatu sai malamin da zai ba da maki. Wanda ya san takardarsa ba za ta wuce teburin malami ba, kwafa ta ishe shi. Amma in rukuni ya san aikinsa zai isa ma'aikatar magajin gari, mai unguwa kuma zai ji abin da ke ciki, dole ya fita da igiyar awo.

Mu ɗauki rukunin da aka ba aikin magudanar ruwa a wata unguwar Maradi. Rahoto na gaskiya zai faɗi inda ruwa ke kwanciya da gidaje nawa yake shafa. Zai nuna tsawon titi da gangarar ƙasa da aka auna, da ranar awon, da wanda ya yi shi. Zai kawo mafita biyu ko uku, ya ce ga wadda ya zaɓa, ga dalili. Sannan ƙiyasin kuɗi: buhun siminti nawa, ƙarfe nawa, yashi tifa nawa, a farashin da aka tambayo a kasuwa cikin wannan watan. A gaba kuma shafi ɗaya na taƙaitawa, wanda kansila zai fahimta ba tare da ya yi karatun injiniya ba. Irin wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, shi ya sa tun farko aka ce a yi shi a rukuni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Za a ce ɗalibai ba su da kuɗin zirga-zirga, alawus na jinkiri, wuta na ɗaukewa, malami ɗaya na duba rukuni barkatai. Duk gaskiya ne. Sai dai gyaran da nake kira a yi ba ya cin kuɗi. Na farko, kowane babi ya ɗauki sunan wanda ya rubuta shi, ranar kare aiki kuma a tambayi kowa kan babin abokinsa. Na biyu, a haɗa littafin awo na hannu da hotunan fili cikin abin da ake ba maki. Na uku, sassan jami'a su nemi jerin matsaloli daga ma'aikatun magajin gari a farkon shekara, a ƙarshenta a miƙa musu kofi, tare da taƙaitawa da Hausa don mutanen unguwa.

Ku ma ɗalibai, wanda ya saba sa hannu kan shafin da bai karanta ba, gobe zai sa hannu kan takardar karɓar gada ko ajin makaranta da bai duba ba. Ranar da ginin ya tsage, sunansa ne a ƙasan takardar, a lokacin kuma babu abokin da zai duba ya ba shi amsa.